Zaɓen Babbar Manhajar Faifan Ceto: Bayani a Kan Farfaɗo da Kwamfuta Bayan Aukuwar Bala'i

1.0 Gabatarwa

Ranar 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, kamfanin CrowdStrike na ƙasar Amurka, mai sayar da manhajar tsaron kwamfuta, ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil na sabuntawa mai aibi a cikinsa. Bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka kasa tashi a dalilin haka, har zirga-zirgar jiragen sama da ayyukan asibitoci da bankuna suka sami cikas a ƙasashe da dama. Bayanan da ke cikin waɗannan kwamfutoci ba su salwanta ba, gyaran kuma bai wuce a goge fayil guda ba. Wahalar ita ce yadda za a kai ga fayil ɗin, tun da babbar manhajar da ake bi ta cikinta a isa gare shi ita ce ta faɗi. Dole ta sa ma'aikata suka riƙa bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya suna tayar da su ta wata hanya dabam, har Microsoft ya fitar da wata manhajar ceto da ake ɗorawa a kan filash domin a rage wahalar.

Irin wannan matsala ta shafi manazarta harshe kai tsaye. A yau mafi yawan abin da mai bincike ya tara a fagen nazari yana cikin kwamfuta ne: muryoyin da ya naɗa, da rubutun da ya daidaita da su a manhajar ELAN, da kalmomin ƙamus da ya shigar a FLEx ko Toolbox, da kundin digirin da yake kan rubutawa. Wasu daga cikin muryoyin nan na dattawa ne da suka riga mu gidan gaskiya, ko na harsunan da masu magana da su suka ƙaranta, don haka ba su da madadi. Gobarar da ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa da ke birnin Riyo na Barazil ranar 2 ga Satumba, 2018, wadda ta haɗa da muryoyin harsunan 'yan asalin ƙasar da aka tara shekara da shekaru, ta isa misali.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin manyan manhajojin da ake ɗora faifan ceto a kansu, da ma'aunan da ya kamata a bi wajen zaɓen ɗaya daga cikinsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa kwamfutar da za a ceta ita ce take yanke wannan hukunci, kafin a zo ga abin da mai ita ya saba da shi ko ya fi sha'awa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya dace a daidaita ma'anar wasu kalmomi da za a riƙa maimaitawa.

(a) Babbar manhaja: manhajar da take gudanar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda sauran manhajoji suke dogara a kanta, kamar Windows da Linux da macOS.

(b) Manhajar tushe: ƙaramar manhajar da ke manne a jikin allon kwamfuta, wadda ita ce take fara aiki da zarar an kunna. Tsohuwarta ita ce BIOS, sabuwar kuma UEFI.

(c) Direba: 'yar manhajar da take yin tafinta tsakanin babbar manhaja da wani sashe na ƙarfen kwamfuta, kamar faifan ajiya ko mashigar hanyar sadarwa.

(d) Kwafin ko-ta-kwana: kwafin bayanai da aka adana a wani wuri dabam saboda ranar ɓaci. Iri biyu ne. Akwai kwafin fayil-fayil, wanda yake ɗaukar takardu da muryoyi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Akwai kuma surar faifai, wadda take kwafe faifan ajiya ɗungurungum, har da babbar manhaja da sassan tashi, ba tare da la'akari da sunan kowane fayil ba.

(e) Faifan ceto: filash ko faifan CD mai ɗauke da 'yar ƙaramar babbar manhaja tasa ta kansa tare da manhajar mayar da kwafi, wanda ake iya tayar da kwamfuta da shi ko da faifan ajiyarta ya mutu, ko an sauya shi da sabo fil.

Daga wannan za a fahimci cewa surar faifai ba ta da wani amfani ranar bala'i sai da faifan ceto, domin manhajar da ta ɗauki surar tana cikin kwamfutar da ta faɗi.

3.0 Yadda Kwamfuta Take Tashi

Ba za a iya zaɓen faifan ceto ba sai an san hanyar da kwamfuta take bi ta tashi, domin a nan ne faifan yake cin jarrabawarsa ta farko.

A tsohon tsari, wanda ya samo asali daga kwamfutar IBM PC ta 1981, BIOS takan karanta sashe na farko na faifai, mai girman bayit 512, ta miƙa masa ragamar aiki. Wannan sashe, wanda ake kira MBR tun 1983, shi ne kuma yake riƙe da jadawalin yadda aka kasa faifan. Yana da iyakoki biyu sanannu: manyan kaso huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya iya lissafin abin da ya wuce kimanin terabayit 2. Tayar da kwamfuta daga faifan CD ya samu ne bayan da kamfanonin IBM da Phoenix suka fitar da ƙa'idar El Torito a 1995.

Sabon tsarin, wato UEFI, ya samo asali ne daga aikin kamfanin Intel a ƙarshen shekarun 1990, kuma tun 2005 wata ƙungiya ta kamfanoni ce take kula da shi. UEFI ba ta dogara ga sashen farko na faifai. Takan nemi wani fayil ne a cikin kaso mai tsarin FAT, kuma a kan filash sunan fayil ɗin BOOTX64.EFI ga mafi yawan kwamfutocin yau, ko BOOTAA64.EFI ga masu ƙwaƙwalwar ARM. Jadawalin faifai na GPT da ke tafiya da ita ya kawar da iyakar terabayit 2, sa'an nan yana ajiye kwafin kansa a ƙarshen faifai. Shekaru da dama kwamfutoci sun riƙa zuwa da hanyoyin biyu a haɗe, amma a 2017 Intel ya sanar da cewa zai daina tallafa wa tsohuwar hanyar nan da 2020, kuma Windows 11 ta 2021 ta shardanta UEFI.

Ƙari a kan wannan shi ne Secure Boot, wato tsarin tantance sa hannu, wanda ya bazu tare da Windows 8 a 2012. A ƙarƙashinsa manhajar tushe ba ta yarda ta tayar da komai sai abin da yake ɗauke da sa hannun da ta aminta da shi, kuma mafi yawan kwamfutoci makullan Microsoft suke ɗauke da su. Manyan rassan Linux, irin su Ubuntu da Fedora da Debian, sun bi ta wata 'yar manhaja mai suna shim wadda Microsoft ya sa wa hannu. Abin lura a nan shi ne ana iya soke amincewar da aka riga aka bayar. An yi haka bayan gano aibin BootHole a manhajar GRUB a 2020, aka kuma sake yi bayan bayyanar mugunyar manhajar BlackLotus a 2023, shekarar da Microsoft ya fitar da sababbin takardun shaida domin su gaji na 2011. Duk kwamfutar da aka soke amincewa da tsohon sa hannu a kanta ba za ta karɓi tsohon faifan ceto ba, ko da shi ne ya yi mata aiki a bara.

4.0 Manyan Manhajojin da Ake Ɗora Faifan Ceto a Kansu

4.1 DOS

Faifan ceto na farko da ya shahara na DOS ne. A shekarun 1990 ma'aikacin kwamfuta yakan ɗora MS-DOS a kan ɗan faifan fulofi mai megabayit 1.44, ya haɗa da manhajar Ghost, wadda Murray Haszard ya ƙirƙira a ƙasar Niw Zilan a tsakiyar shekarun 1990 kafin kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Ƙarfin DOS ƙanƙanta ce da saurin tashi, da kuma cewa ta hanyar BIOS take magana da faifai, don haka ba ta cika neman direba ba.

Wannan dogaro da BIOS shi ne ya zama ajalinta. Kwamfutar da ke da UEFI zalla ba ta tayar da DOS sam. Bayan haka, DOS ba ta karanta tsarin NTFS da Windows take amfani da shi tun 1993, sunan fayil a wurinta bai wuce harafi takwas da ƙarin uku ba, kuma ko a tsarin FAT32 na 1996 fayil guda ba ya kai gigabayit 4 cif. FreeDOS, wadda Jim Hall ya fara aikinta a 1994, tana nan ana ci gaba da sabunta ta, amma ita ma sai da BIOS. Ke nan amfanin DOS a yau ya taƙaita ga tsofaffin kwamfutoci, kamar waɗanda aka haɗa da tsofaffin na'urorin ɗakin gwaji da ba su aiki da sabuwar manhaja.

4.2 Windows PE

Windows PE taƙaitacciyar Windows ce da Microsoft ya fitar a zamanin Windows XP domin masu harhaɗa kwamfuta da manyan ma'aikatu. Daga zamanin Windows Vista aka sake ta ga kowa, kuma a yau ana samun ta tare da kayan aikin Windows ADK. A kanta aka gina Windows RE, wato ɗakin gyaran da ke cikin kowace Windows ta zamani. Idan ta tashi takan kwashe kanta zuwa ƙwaƙwalwar wucin-gadi, ta bar faifan ajiya ba a taɓa shi ba, kuma tushenta megabayit 512 na ƙwaƙwalwa yake bukata.

Falalarta ita ce jini ɗaya suke da Windows ɗin da za a ceta. Direban da ya yi aiki a can shi ne zai yi aiki a nan, kuma ana iya cusa shi cikin faifan ceto da manhajar DISM. Tana karanta NTFS da rubuta shi da direban Microsoft na asali. Tana da bcdboot na gyaran sassan tashi, kuma idan aka haɗa mata sashen da ya dace tana buɗe kullen BitLocker. Wannan ya sa manhajoji irin su Macrium Reflect da Veeam Agent suke gina faifan cetonsu a kanta ko a kan Windows RE, kuma manhajar ceton da Microsoft ya fitar a Yulin 2024 ita ma a kanta aka gina ta.

Tana da nata sharuɗɗa. Lasisinta bai yarda a mayar da ita babbar manhajar yau da kullum ba, don haka takan sake tashi da kanta bayan wani wa'adi, wanda a sigogi da dama awa 72 ne. Ba a kuma rarraba ta yadda aka ga dama, shi ya sa yawancin kamfanoni suke sa mai kwamfuta ya gina faifan a kan kwamfutarsa. Har ila yau, ba ta san tsarin ext4 ko XFS ko Btrfs na Linux ba.

4.3 Linux

Linus Torvalds ya fara sakin zuciyar Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma lasisin GPL ya ba kowa damar kwafarta da gyara ta da rarraba ta. Knoppix ta Klaus Knopper, wadda ta fito a 2000, ita ce ta yaɗa al'adar tayar da cikakkiyar Linux daga faifan CD ba tare da an girka komai ba. Daga baya aka sami rassan da aka keɓe domin ceto: SystemRescue, da Clonezilla wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka gina a wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan, da Rescuezilla wadda take karanta surorin Clonezilla amma da fuska mai sauƙi.

Linux tana zuwa da ɗimbin direbobi a cikin zuciyarta, don haka filash guda yakan tayar da kwamfutoci iri-iri. Ta kuma san tsare-tsaren fayil masu yawa. Rubutu a kan NTFS ya daidaita a wurinta da fitowar NTFS-3G a 2007, sa'an nan aka shigar da sabon direba na ntfs3 a zuciya mai lamba 5.15 a 2021. Inda ta fi fice shi ne faifan da ya fara lalacewa. Manhajar GNU ddrescue takan fara kwashe sassan da suke da lafiya, ta koma ga masu rauni daga baya, tana rubuta taswirar inda ta kai, ta yadda idan aiki ya katse za a ɗora daga nan. TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier kuma sukan nemo jadawalin faifai ko fayil ɗin da ya ɓace.

Rauninta yana bayyana ne idan direban wata na'ura bai shiga zuciyar ba tukuna, domin ba a ɗaukar direban Windows a sa mata. Ga kwamfutar da take aiki da Linux tun asali, manhajar Relax-and-Recover ta magance wannan ta hanyar gina faifan ceto daga zuciya da direbobin kwamfutar kanta.

4.4 Kwamfutocin Apple

Zaɓi a nan ƙanƙane ne. Tun 2011 macOS take da ɗakin ceto nata, kuma shi ne ya san tsarin APFS na 2017 da kwafin Time Machine. A kwamfutocin da ke da ƙwaƙwalwar Apple ta kansa, waɗanda suka fara fitowa a 2020, matakin farko na tashi daga ma'ajiyar ciki yake farawa, don haka idan ta mutu gaba ɗaya faifan waje ba zai tayar da kwamfutar ba. Abin dogaro ga mai irin wannan kwamfuta shi ne kwafin bayanai da za a mayar a kan wata.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

5.1 Ganin Faifan Ajiya

Ma'auni na farko shi ne: bayan faifan ceto ya tashi, yana ganin faifan ajiyar kwamfutar da kuma inda kwafin yake? Sau da yawa a nan ake tuntuɓe. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa masu ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 11 zuwa sama suna zuwa da tsarin VMD a kunne, kuma Windows PE da ba a cusa mata direban Intel RST ba takan nuna kamar babu faifai a cikin kwamfutar. A wasu kwamfutocin kuma Linux ce ba ta ganin faifan NVMe sai an shiga manhajar tushe an sauya tsarin RAID zuwa AHCI. Haka abin yake ga mashigar hanyar sadarwa idan kwafin yana kan uwar garke. Babu takardar talla da za ta amsa wannan tambaya, sai an gwada a kan ainihin kwamfutar.

5.2 Gyaran Tashi Bayan Mayar da Sura

Mayar da sura rabin aiki ne. Idan sata ko gobara ta sa aka sayi wata kwamfuta dabam, Windows ɗin da aka mayar tana iya ƙin tashi saboda ba ta da direban sabon faifai, ko saboda an ɗauko ta daga tsarin MBR zuwa kwamfuta mai UEFI zalla. Kayan wannan gyara, wato DISM da bcdboot, na Windows PE ne. Idan kuwa Linux aka mayar, ana bukatar a shiga cikinta da umarnin chroot, a sake girka GRUB, a sake gina ƙaramin kunshin direbobin tashi, kuma wannan aikin faifan Linux ne. Daga nan aka sami ƙa'idar da ta fi kowace nauyi a wannan fage: babbar manhajar faifan ceto ta kasance 'yar gida ɗaya da wadda za a farfaɗo.

5.3 Kulle da Makulli

BitLocker yana kulle faifan Windows gaba ɗaya, kuma kwamfutoci da yawa na yau suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya lura ba. Makullin cetonsa lambobi 48 ne. A rikicin 2024 ma'aikatu da dama sun ƙara jinkiri ne saboda neman wannan makulli, wasu ma uwar garken da ke riƙe da makullan ita ma ta faɗi. Linux tana iya buɗe BitLocker da dislocker, ko da cryptsetup tun sigar 2.3 ta 2020, amma ita ma sai da makullin. Idan ba a buɗe ba, Clonezilla takan kwafe kason ne gaba ɗayansa, cike da fanko, kuma surar ba ta matsuwa. A kuma lura cewa kashe Secure Boot domin a tayar da wani faifan ceto yana iya sa BitLocker ya nemi makullin a tashi na gaba. Saboda haka a rubuta makullin a takarda a adana shi nesa da kwamfutar.

Akwai wani tarko mai kama da wannan. Tun Windows 8, kashe kwamfuta ba lallai ya zama cikakken kashewa ba, domin tsarin tashin gaggawa yakan bar faifan cikin halin barci. Linux takan ƙi yin rubutu a kan irin wannan faifai don gudun ɓata shi, ko da yake takan yarda a karanta.

5.4 Haruffa Masu Lanƙwasa da Alamomin Karin Sauti

Wannan ma'auni ya fi shafar masu nazarin harsunan Nijeriya. Tsofaffin jadawalan haruffa na DOS, irin su 437 da 850, ba su da ɓ da ɗ na Hausa da Fulfulde ko ƙ ta Hausa, ba su kuma da ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci ko ị da ụ na Ibo. A tsarin Unicode kowannensu yana da gurbi: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199. NTFS yana adana sunaye da UTF-16, Linux kuma ta saba da UTF-8. A dubi waɗannan sunaye:

(1) kafa.wav

(2) ƙafa.wav

Manhajar da ba ta san Unicode ba, ko dai ta maye gurbin ƙ da wata alama, ko ta mayar da ita k. Idan na biyun ya faru, fayil (2) zai yi karo da fayil (1), har ɗaya ya hau kan ɗaya. Ko da ba a yi karo ba, fayil ɗin ELAN yana riƙe ne da suna da wurin muryar da aka daidaita shi da ita, don haka sauyin harafi guda zai sa a koma ana haɗa su da hannu.

Alamar karin sauti tana da tata matsalar. Ana iya rubuta à da lamba guda, U+00E0, ko da lamba biyu, wato a tare da U+0300. A ido ɗaya suke, amma ga Linux da Windows sunaye biyu ne mabambanta, kuma tsohon tsarin HFS+ na Apple yakan adana suna ne a siffar rarrabe. Surar faifai ba ta shiga wannan ruɗani, tun da ba ta karanta sunaye. Kwafin fayil-fayil ne yake fuskantarsa, musamman idan an ɗauka a wata babbar manhaja aka mayar a wata.

5.5 Girman Bayanai da Lokaci

Murya da aka naɗa a tsarin WAV, kilohaz 48, bit 24, zubi biyu, tana cin bayit 288,000 a daƙiƙa, wato ɗan sama da gigabayit 1 a awa. Wanda ya naɗi awa 300 ya tara sama da gigabayit 300 ban da bidiyo. Mayar da terabayit 1 a kan gudun megabayit 100 a daƙiƙa yana cin kusan awa 3. Idan faifan ceto ba shi da direban USB 3, ko aka bi ta tsohuwar mashigar USB 2 mai gudun kimanin megabayit 35, aikin zai kai awa 8. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas wannan bambanci babba ne, domin mayar da surar da ta katse a tsakiya yawanci sai an faro daga farko. Bugu da ƙari, da yake UEFI tsarin FAT take karantawa, filash ɗin tashi yakan kasance FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil mai gigabayit 4. Ya fi dacewa a raba: filash domin tashi, wani faifan dabam mai NTFS ko exFAT ko ext4 domin sura.

5.6 Ɗorewar Sura

Kowace manhajar kwafi tana da irin surarta, kuma yawancin na kasuwa ba mai buɗe surarsu sai su. Symantec ya daina sayar da Norton Ghost a 2013, kuma wanda ya ajiye sura da ita bai ajiye faifan cetonta ba zai sha wuya kafin ya buɗe ta a yau. Ga bayanan da ake so su kai shekara ashirin ko talatin, manhaja mai buɗaɗɗen tsari ta fi kwanciyar hankali, haka nan ajiye kwafin fayil-fayil a gefen sura.

6.0 Gwaji da Wurin Ajiya

A ranar 27 ga Yuni, 2017, mugunyar manhajar NotPetya ta faɗa wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak, tana lalata sashen tashi da jadawalin fayil na kwamfutoci. Kamfanin ya sake girka uwayen garke kimanin 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. Kwafin kundin rajistar ma'aikata da aka dogara da shi wajen farfaɗowa an same shi ne a wani ofishin kamfanin na Afirka ta Yamma, wanda ɗaukewar wuta ta raba shi da hanyar sadarwa lokacin harin. Darasin shi ne duk abin da yake jone da kwamfuta lokacin bala'i yana cikin bala'in. Windows RE da ke kan faifan ajiya tana mutuwa tare da faifan, don haka ba ta maye gurbin filash ɗin da ke cikin aljihun tebur. Ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ta ce a ajiye kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gini dabam. Ya kamata faifan ceto ya bi kwafin zuwa can.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da ya isa a kira shi gwaji shi ne a tayar da kwamfutar daga faifan ceto, a tabbatar yana ganin faifan ajiya da wurin kwafi, a mayar da sura a kan wani faifan da ba a bukata, a tayar da shi, sa'an nan a buɗe 'yan fayil masu haruffa masu lanƙwasa a duba sunayensu. A maimaita wannan duk lokacin da aka sauya kwamfuta, ko aka sabunta manhajar tushe, ko aka koma sabuwar sigar babbar manhaja. Manhajar Ventoy, wadda ta fito a 2020, tana ba da damar tara faifan ceto fiye da ɗaya a kan filash guda, wanda ya sauƙaƙa riƙe na Windows da na Linux tare.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da kwamfuta take bi ta tashi, da manyan manhajojin da ake gina faifan ceto a kansu, da ma'aunai shida na zaɓe tsakaninsu. An ga cewa DOS ta rage ga tsofaffin kwamfutoci masu BIOS kawai, kuma kwamfutocin Apple suna da tasu hanya. Ga kwamfutar Windows, faifan farko ya zama na Windows PE ko Windows RE, wanda aka gina a kan kwamfutar kanta domin ya kwashi direbobinta. Ga kwamfutar Linux, faifan Linux ne, musamman wanda aka gina daga zuciyarta. A kowane hali ya dace a riƙe faifan Linux na biyu saboda faifan ajiyar da ya fara lalacewa, inda ddrescue take da amfani. Sassan nazarin harsuna da cibiyoyin adana muryoyi za su amfana idan suka ɗora wa ma'aikaci guda alhakin gina waɗannan faifai, da adana makullan BitLocker a rubuce, da gudanar da gwajin mayarwa aƙalla sau ɗaya a kowane zangon karatu.